Ubangidan da Ba Ya Amsa Sunansa: Sharhi a kan Ƙwadagon Manhaja da Dokokin Aiki

Tun daga shekarar 2009, lokacin da aka kafa kamfanin Uber a birnin San Francisco na ƙasar Amurka, alƙalan ƙasashe da dama, daga Landan zuwa Faris da Madrid, sun sha zama a kan wata mas'ala wadda a zahiri ƙarama ce, amma wadda duk wanda ya tona ta sai ya tarar saiwarta ta yi zurfi har ta taɓo asalin abin da ake kira kasuwa da abin da ake kira aiki. Mas'alar ita ce: mutumin da ya kunna manhaja a wayarsa, aka turo masa fasinja ko ƙunshin abinci, ya kai, aka biya shi ladan wannan kaiwa ɗaya tak, shin ma'aikacin kamfanin ne, ko kuwa mai zaman kansa ne wanda ya yi hayar wata hanyar samun masu ciniki? In ma'aikaci ne, to mafi ƙarancin albashi ya wajaba a kan kamfanin, da kuɗin hutu, da diyya idan ya ji rauni, da tanadin tsufa, kuma yana da ikon shiga ƙungiya a yi ciniki da yawunsa. In kuwa mai zaman kansa ne, ba ya bin kowa bashin komai sai ladan tafiyar da ya yi.

Waɗanda suka fi kowa bin diddigin wannan lamari su ne mabiya wata mazhaba ta ilmin tattalin arziki wadda ta ɗauki dokoki da al'adu da hukumomi su ne ginshiƙin nazarinta. Jumhurun malaman fannin sukan fara da mai saye da mai sayarwa, su ƙaddara kamar kasuwa tana nan tun fil azal, sa'an nan su dubi doka a matsayin baƙuwar da ta shigo daga baya tana katsalandan. Su kuwa waɗannan suka ce babu kasuwar da ta taɓa ci sai da aka riga aka yanke wa ke da mallaka, wa ke da ikon umarni, wa kuma zai ɗauki hasara idan ta faɗo. Babban shehinsu a kan al'amarin ƙwadago shi ne John R. Commons na Jami'ar Wisconsin, wanda ya wallafa littafi a 1924 a kan yadda hukunce-hukuncen kotu suka zama harsashin jari-hujja, ya kuma bi shi da wani a 1934. A wurinsa abin nazari shi ne mu'amala, kuma ya bambanta mu'amalar ciniki, wadda ake yi tsakanin mutum biyu da doka ta ɗauke su daidai, da mu'amalar umarni, wadda ake yi tsakanin na sama da na ƙasa. Bai tsaya ga alƙalami da tawada ba: da hannunsa a dokokin kare ma'aikata da jihar Wisconsin ta kafa a 1911, almajiransa suka tsara dokar tallafin marasa aiki ta jihar a 1932, ɗaya daga cikinsu kuma, Edwin Witte, ya jagoranci tsara dokar tanadin tsufa ta ƙasar baki ɗaya a 1935.

To, dukan waɗannan haƙƙoƙi, da dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1935, da dokar mafi ƙarancin albashi ta 1938, an rataye su ne a wuyan mutum iri ɗaya, watau ma'aikaci; saboda haka iyakar da ke tsakaninsa da mai zaman kansa ta zama iyaka mai tsada tun kafin a san za a yi wayar hannu. A 1944 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa masu tallar jaridun kamfanin Hearst a titunan Los Angeles ma'aikata ne, suna da ikon kafa ƙungiya. Ba a yi shekara huɗu ba, a 1947, majalisa ta gyara dokar ta fitar da masu zaman kansu daga inuwarta ƙarara. Har gobe a can, ubangida yana biyan kashi 7.65 cikin ɗari na albashin ma'aikacinsa a asusun tsufa da na lafiya, ma'aikacin ya biya kwatankwacinsa, alhali mai zaman kansa shi kaɗai ke ɗaukar kashi 15.3 ɗin gaba ɗaya. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin dalilin da ya sa kamfanoni ke kashe dukiya mai yawa wajen lauyoyi a kan suna kawai ba.

Hujjar da kamfanonin manhaja suka dogara da ita, abin sha'awa, daga cikin wannan mazhaba aka aro ta, amma daga reshenta na baya. A 1937 Ronald Coase, yana saurayi, ya yi wata tambaya wadda ta kai shi ga kyautar Nobel a 1991: idan kasuwa ta iya daidaita komai da farashi, me ya sa ake kafa kamfanoni inda wani ke ba wani umarni? Amsar da ya bayar ita ce, ƙulla ciniki shi kansa yana da wahala da tsada. Neman wanda zai yi aikin, da gane amanarsa, da tayi da sallamawa, da tabbatar da ya cika alkawari, duk suna cin lokaci da kuɗi, har ya zama ya fi sauƙi mutum ya ɗauki ma'aikata ya ajiye, ya riƙa umartarsu. Sai masu manhaja suka ce, madalla, ai ga shi na'ura ta rushe wannan wahala: taswirar waya tana nemo direba mafi kusa, taurarin da fasinjoji ke bayarwa suna shaidar amanarsa, kuɗi kuma suna wucewa ba tare da gardama ba, tun da illar ta gushe, hukuncin ma ya gushe, kamfani ya narke ya koma kasuwa, mu kuwa dillalai ne kurum masu karɓar la'ada.

Wannan ƙiyasi yana da kyau a kunne, amma a ganina bai tsaya da ƙafafunsa ba, domin Coase ɗin nan da kansa ya nuna cewa alamar kamfani ita ce umarni ya maye gurbin tayi, kuma ma'aunin nasa fuska biyu gare shi: na'urar da ta rage wahalar ciniki, ita ce kuma ta rage wahalar sa ido a kan dubban mutane ba tare da an ɗauki kofur ko ɗaya ba. Kowa ya san dillalin shanu a kara: yana haɗa mai saye da mai sayarwa, yana sa baki a tayi, yana karɓar la'adarsa, amma in mai sa bai ce ya sallama ba ciniki bai faɗa ba, kuma dillali ba shi da ikon hana shi shiga kara mako mai zuwa don ya ƙi sallamawa yau. Da wannan ma'auni a dubi direban Uber na Landan kamar yadda shari'a ta bayyana halinsa a lokacin da ake ƙarar. Waya ta yi ƙara, yana da 'yan daƙiƙu ya karɓa. Ba a gaya masa inda fasinjan za shi sai ya ɗauke shi. Kuɗin tafiyar na'ura ta riga ta yanke, ba shi da ikon ƙara ko kwabo. In ya yawaita ƙin karɓa sai manhajar ta fitar da shi na minti goma don ladabtarwa. In taurarinsa suka yi ƙasa aka yi masa gargaɗi bai gyara ba sai a rufe asusunsa. Kuma an toshe hanyar da zai karɓi lambar fasinja ya mai da shi abokin cinikinsa na kansa.

A kan waɗannan dalilai ne Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci ranar 19 ga Fabrairu 2021, a ƙarar da direbobi, cikinsu har da Yaseen Aslam da James Farrar, suka fara cin nasararta tun 2016, cewa direbobin suna cikin waɗanda dokar ƙwadago ta kare. Abin da ya fi muhimmanci a hukuncin, wanda alƙali Leggatt ya rubuta, shi ne ya ƙi yarda a fara bincike daga takardar yarjejeniya, domin mai ƙarfi ne ya rubuta ta, raunanan kuwa hannu kawai suka sa. Da za a bar takarda ta yanke wanda doka za ta kare, da an bar wa wanda aka yi dokar dominsa ikon fitar da kansa daga cikinta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta riga ta yi wasiyya da irin wannan tun 2006, cewa haƙiƙanin yadda ake gudanar da aiki shi ne abin lura, komai sunan da aka laƙaba masa. Malamanmu na fiƙihu ba za su ga baƙon abu a nan ba, su da suka daɗe suna karantar da cewa manufa da ma'ana ake dubawa a cikin ƙulle-ƙullen ciniki.

Tun da mun ambaci fiƙihu, akwai wani bambanci a babin ijara wanda, a ra'ayina, ya fi yawancin rubuce-rubucen zamani kusantar zuciyar wannan rigima. Fuƙaha'u sun raba ɗan ijara gida biyu: keɓantacce, wanda aka yi hayar lokacinsa, da na tarayya, kamar maɗinki ko marini, wanda ke karɓar aikin jama'a duka. Na tarayya ba ya cancantar lada sai ya yi aikin. Keɓantacce kuwa ya cancanci ladansa da zarar ya miƙa kansa a lokacin da aka ƙayyade, ko da ubangida bai sa shi komai ba, kuma haka aka rubuta a kundin hukunce-hukuncen da Daular Usmaniyya ta tattara a shekarun 1870. Ma'anar wannan ita ce, abin da ya raba su shi ne wa zai ɗauki nauyin zaman jira. Shi kuwa ƙwadagon manhaja hikimarsa kaf ita ce a umarci mutum kamar keɓantacce, a biya shi kamar na tarayya. Kamfanin yana tallar cewa mota za ta iso maka cikin 'yan mintoci, wannan alkawari kuwa ba ya cika sai da direbobi masu yawa suna zaune a gefen titi babu fasinja. Ashe zamansu ma haja ce da ake sayarwa, sai dai ba a biyan masu ita.

Ba yau aka fara ba. A tashar jiragen ruwa ta Landan a ƙarni na 19, 'yan dako kan taru da sassafe a bakin ƙofa, ɗaruruwa, suna turereniya da ɗaga hannu, wakilin kamfani ya fito ya nuna waɗanda yake so, wani lokaci aikin awa ɗaya ko biyu, sauran su watse da yunwa su dawo gobe. Da suka yi babban yajin aikinsu a 1889, abin da suka nema shi ne sisi a kowace awa, da kuma sharaɗin kada a ɗauki mutum ƙasa da awa huɗu. William Beveridge, a littafinsa na 1909 a kan rashin aiki, ya fayyace illar: kowane mai ɗaukar aiki yana son ya ga taron da zai ishe shi a ranar da jirage suka fi yawa, tun da kuwa ajiye taron ba ya cin masa ko anini, babu abin da zai hana shi tara fiye da buƙata. Ba a magance abin ba sai a 1947, da aka yi wa 'yan dakon rajista aka kuma riƙa biyansu kuɗin halarta ko babu jirgi, tsarin da ya rayu har 1989.

Binciken zamani ya tabbatar da wannan illa da alƙaluman Uber kanta. Jonathan Hall da John Horton da Daniel Knoepfle sun bi abin da ke faruwa a biranen Amurka idan kamfanin ya ƙara kuɗin tafiya, suka tarar abin da direba ke samu a awa yakan tashi nan take, amma bayan kamar mako takwas sai ya koma kusan inda yake, saboda direbobi sun ƙaru a titi, fasinjoji sun ragu, zaman jira ya yi tsawo ya cinye ƙarin. Muddin ƙofa a buɗe take ga kowa kuma jira kyauta ne, ƙarin farashi ba ya zama a aljihun direba. Birnin New York shi ya fara ɗaukar darasin da gaske. Bayan rahoton da James Parrott da Michael Reich suka gabatar a 2018, wanda ya nuna direbobi suna da fasinja ne a kimanin kashi 58 cikin ɗari na lokacinsu, hukumar motocin haya ta birnin ta kafa mafi ƙarancin lada na dala 17.22 a awa bayan an cire kuɗin mai da gyara, ta kuma ɗaura lissafin a kan yawan zaman banza, ta yadda duk kamfanin da ya cika titi da motoci marasa fasinja sai ladan kowace tafiya ya hau masa. Dabara ce mai kyau, ba a kuma taɓa sunan direba ba, ma'aikaci ne ko waninsa. Sai dai adalci ya sa a faɗi abin da ya biyo baya: kamfanonin sun koma hana direbobi kunna manhaja a lokutan da ciniki ya yi sanyi, domin lissafin ya yi musu kyau, har abin ya tayar da ƙura a 2024. Jiran bai ɓace ba, an dai tura shi inda ma'auni ba ya gani.

Wanda ke shakkar cewa jira shi ne abin faɗan, ya dubi inda kamfanonin suka ja daga. A Kalifoniya, bayan Kotun Ƙolin jihar ta tsananta sharuɗɗan kiran mutum mai zaman kansa a 2018, majalisa kuma ta mai da hukuncin doka a 2019, Uber da Lyft da DoorDash da abokansu suka kashe sama da dala miliyan 200 a ƙuri'ar raba gardama ta Nuwamban 2020, suka ci da kusan kashi 59 cikin ɗari. Dokar da suka rubuta da hannunsu ta yi alkawarin kashi 120 cikin ɗari na mafi ƙarancin albashi, abin da ke kama da karamci, amma daga lokacin karɓar fasinja zuwa sauke shi kaɗai. A Birtaniya ma, ko da yake kotu ta ce lokacin aiki yana farawa ne da zarar direba ya kunna manhaja a yankinsa yana shirye, da Uber ta sanar a Maris 2021 cewa ta ba direbobinta kimanin 70,000 haƙƙin albashi da hutu da fansho, sai ta ƙirga daga karɓar tafiya. Suna shirye su sallama abubuwa da yawa, ban da wannan.

Amma fa kada a ɗauka ɗaya ɓangaren ba shi da hujja, domin yana da ita, kuma mai ƙarfi. Keith Chen da Judith Chevalier da abokan aikinsu sun nuna a 2019 cewa ikon da direba ke da shi na fita aiki sa'ad da ya ga dama, ya kuma tashi sa'ad da wata lalura ta taso, yana da daraja babba a wurinsa, har amfanin da yake samu ya ninka wanda zai samu a aiki mai ƙayyadadden lokaci fiye da sau biyu. Ɗalibi, da mai jinyar mahaifi, da baƙon da takardunsa na karatu ba su da kima a ƙasar da ya sauka, duk sun sami ƙofar da ba a tambayarsu ɗan wane ne su. Wannan gaskiya ce, wanda ya musanta ta bai zauna da direbobi ba. Sai dai Alexandre Mas da Amanda Pallais, a wani gwaji da suka wallafa a 2017, sun gano wani abu da ya gyara fahimtar: yawancin masu neman aiki ba su yarda su rage albashinsu sosai domin a ba su zaɓin lokaci ba, amma sun yarda su sarayar da kusan kashi 20 cikin ɗari domin su kuɓuta daga ubangidan da ke sauya musu lokaci yadda ya so ba da sanarwa ba. Abin da mutane ke gudu ke nan, wulaƙancin jadawalin da ke hannun wani. Kuma babu wata aya a dokokin ƙwadagon Amurka ko na Birtaniya da ta haramta wa ma'aikaci zaɓar lokacinsa. Abin da ke akwai shi ne, ranar da aka wajabta wa kamfani biyan jira, shi da kansa zai fara ƙayyade masu shiga. Ciniki ne na gaske tsakanin buɗaɗɗiyar ƙofa da tabbataccen lada, ya kamata kuma a faɗe shi a haka, maimakon a ce doka ce ke ƙwace wa talaka 'yancinsa.

(A nan ya dace a yi wata 'yar tsokaci: kaso mai yawa na binciken da aka yi a kan Uber, da alƙaluman kamfanin aka yi shi, sau da yawa kuma da ma'aikacinsa a cikin marubutan. Wannan bai sa sakamakon ya zama ƙarya ba, ga shi ma mun kafa hujja da shi a kan kamfanin. Amma mai riƙe da mabuɗin rumbu shi ke zaɓar tambayar da za a bari a yi.)

Ta fuskar yawa, abin bai kai yadda aka yi ta kururuwa ba. Lawrence Katz da Alan Krueger sun ba da rahoto a 2016 cewa masu aikin da ba na dindindin ba a Amurka sun tashi daga kashi 10.7 a 2005 zuwa 15.8 a 2015, amma da hukumar ƙididdigar ƙwadago ta yi nata binciken a 2017 ta tarar masu zaman kansu kashi 6.9 ne, ƙasa da 7.4 na 2005, masu aiki ta manhaja kuwa kusan kashi 1 kacal, sai malaman biyu suka sassauta maganarsu a 2019. Me ya sa to ake wannan hayaniya a kan kashi ɗaya? Saboda misali ne da ke yaɗuwa. David Weil ya nuna a littafinsa na 2014 yadda manyan kamfanoni suka daɗe suna riƙe suna da iko a hannunsu, suna tura masu shara da gadi da dako zuwa ga 'yan kwangila. Manhaja ta kai wannan dabara maƙurarta ne kawai, inda kowane mutum ɗaya ya zama ɗan kwangilar kansa. Sidney da Beatrice Webb kuwa tun 1897 suka yi gargaɗi cewa sana'ar da ba ta biyan abin da zai riƙe ma'aikacinta a ciwo da tsufa, tallafi take ci a ɓoye daga danginsa da baitulmali, kuma da wannan tallafi take karya abokan gasarta masu biya.

Hanyoyin da ƙasashe suka bi sun saɓa, kowace kuma an sami inda aka ɓullo mata. Birtaniya tana da matsayi na tsakiya mai wasu haƙƙoƙi ban da wasu, shi direbobin Uber suka samu. Amma a Nuwamban 2023 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana masu kai abincin Deliveroo haƙƙin tilasta wa kamfanin zama da ƙungiyarsu, saboda yarjejeniyarsu ta ba su damar tura wani a madadinsu, sharaɗin da lauya ke iya rubutawa cikin layi biyu. Sifen ta kafa dokar masu kai saƙo a 2021 wadda ta ɗauke su ma'aikata, ta kuma ba wakilansu ikon sanin ƙa'idojin da na'ura ke raba aiki da su. Deliveroo ta tattara ta bar ƙasar a wannan shekara, Glovo kuwa ta yi ta ja har ƙarshen 2024 kafin ta ce za ta ɗauki masu kai saƙonta aiki. Tarayyar Turai, wadda ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum miliyan 28 ke aiki ta manhaja a ƙasashenta, miliyan 5.5 daga cikinsu kuma mai yiwuwa an ba su sunan da ba nasu ba, ta zartar da umarni a Oktoban 2024, ta ba ƙasashe wa'adi zuwa Disamban 2026. Muhimmin abin da ke cikinsa sauya mai da'awa ne: inda alamun umarni suka bayyana, asali shi ne mutum ma'aikaci ne, nauyin kawo hujja ya koma kan kamfani, kuma ba a korar mutum da hukuncin na'ura sai ɗan Adam ya duba. Wanda ya taɓa ganin talaka yana neman haƙƙinsa a kotu shekara biyar, kamar yadda direbobin Landan suka yi, ya san wannan sauyi ya fi ƙarfin a kira shi ƙa'idar zaman kotu kurum.

Duk wannan muhawara ta ƙasashen da albashi shi ne asali ce, saboda haka ɗauko ta ɗungurungum a dasa a ƙasashenmu kuskure ne, kuma Douglass North, wani shehin mazhabar, ya sha nanata cewa doka ɗaya takan haifi 'ya'ya dabam-dabam gwargwadon al'adar da ta tarar da ƙarfin masu zartar da ita. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kusan kashi 86 cikin ɗari na masu aiki a Afirka ba su ƙarƙashin wata rajista ko kariya. Da Uber ta sauka Legas a 2014, Taxify wadda ta koma Bolt ta biyo ta a 2016, ba su tarar da direbobi masu fansho da za su tuɓe musu haƙƙi ba. Sun tarar da mutanen da tun asali kullum ta Allah suke nema. Dokar mafi ƙarancin albashi ta Nijeriya, wanda aka kai naira 70,000 a 2024, ta ma keɓe masu aikin la'ada da na jinga daga hukuncinta, saboda haka ko da kotu ta kira direba ma'aikaci, da sauran tafiya. Ga kuma wani na uku da shari'o'in Turai ba su cika sanin da shi ba, watau mai motar: direbobi da yawa ba tasu suke tuƙawa ba, suna kai balas kowane mako ko suna biyan bashin motar kaɗan-kaɗan, ga la'adar kamfani, ga mai, sai abin da ya saura ya zama nasu. Lokacin da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin mai ya ninka kusan sau uku cikin kwanaki, direba ba shi da ikon ƙara kuɗin tafiya, mai mota bai rage balas ba. Direbobin suka ajiye aiki suna neman a ƙara farashi a rage la'ada, ƙarƙashin ƙungiyar da gwamnati ta yi wa rajista a wannan shekara.

Don haka abin da ya fi dacewa da mu, a nawa ganin, shi ne a kama lamarin ta inda hannun hukuma ke iya kaiwa. Kenya ta ƙayyade la'adar kamfanonin a kashi 18 cikin ɗari a 2022. Indiya ta ambaci masu irin wannan aiki a dokar tanadin jin daɗin ma'aikata ta 2020, jihar Rajasthan kuma ta kafa dokar 2023 mai cire wani ɗan kaso daga kowace tafiya zuwa asusun jin daɗinsu, ba tare da jiran a gama gardamar suna ba. Dalilin da ya sa wannan ke yiwuwa kuwa wani abu ne da manhajar ta zo da shi ba da nufi ba: mai Adaidaita Sahu a Kano babu wanda ya san awa nawa ya yi ko nawa ya samu, alhali direban manhaja kowane mintinsa da kowace nairarsa a rubuce suke a kwamfutar kamfani, ke nan a karo na farko akwai littafin da za a iya ɗora haraji da inshora a kansa, in hukuma ta sami ikon buɗe shi. New York ta iya yin dokarta ne domin tun farko ta wajabta wa kamfanonin miƙa mata bayanan kowace tafiya. A babban taron Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na Yunin 2025 a Janeba, wakilan gwamnatoci da na masu ɗaukar aiki da na ma'aikata sun yanke shawarar cewa za a tsara yarjejeniya mai ɗaure ƙasashen da suka sa hannu, tare da wasiyya mai rakiyarta, aka ajiye kammala nassin zuwa taron 2026. Ladan lokacin jira da ikon duba lissafin na'ura suna cikin abubuwan da ɓangarorin suka fi ja-in-ja a kansu.